Ƙwayar gyambon ciki da ciwon zuciya: ina aka kwana?

Duk wanda ya taɓa zaman layin ganin likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ko a Asibitin Ƙwararru, ya san kalmar da ta fi yawo a bakin masu jira: olsa. Tsoho da matashi, mace da namiji, kowa ya dafe ƙahon zuci yana cewa tasa ta tashi. A 'yan shekarun nan wani suna ya zo ya zauna kusa da ita, wato H. pylori, domin ɗakunan gwaji sun yawaita a gari kuma takardar sakamako takan fito da shi ɓaro-ɓaro. Sai ga saƙonni a WhatsApp da Facebook suna cewa wannan ƙwaya tana jawo bugun zuciya, wasu har da tallan maganin da zai wanke ta tas. Mai takarda a hannu ya rasa inda zai sa kansa. Ya ji da cikin, ko ya ji da zuciyar?

Maganar ba daga sama ta faɗo ba. Likitoci sun haura shekara 30 suna muhawara a kanta. Sai dai tsakanin abin da bincike ya nuna da abin da saƙon waya ke faɗa akwai rata mai faɗi.

Wace zuciyar ake nufi?

Harshenmu kansa ya cakuɗa ciki da zuciya tun kafin likitoci su shigo maganar. Wanda amai ke taso wa yakan ce zuciyarsa na tashi. Wurin da gyambon ciki ke yi wa mutum zugi, ƙasan ƙirji kaɗan, sunansa ƙahon zuci. Wanda baƙin ciki ya dama ana cewa ciwon zuciya ya kama shi. Don haka in an ce wa Bahaushe ƙwayar ciki na taɓa zuciya, kunnensa ba zai ji baƙon abu ba.

A asibiti kuwa, "ciwon zuciya" laima ce da cututtuka da dama ke fakewa ƙarƙashinta. Akwai gazawar zuciya, inda tsokar ta raunana ta kasa tura jini yadda ya kamata, mutum ya riƙa haki, ƙafafu su kumbura, kwanciya rigingine ta gagara. Akwai lalacewar ƙofofin zuciya, waɗanda ke buɗewa su rufe don jini ya bi hanya ɗaya. Sannan akwai toshewar jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciyar kanta. Kitse da tarkace na taruwa a bangon jijiya shekara da shekaru, hanya ta ƙuntace, ranar da tarin ya fashe jini ya daskare a wurin, sai wani ɓangaren tsoka ya mutu. Wannan ne ake kira bugun zuciya. In irin haka ta faru a jijiyar ƙwaƙwalwa, sakamakon shi ne shanyewar ɓarin jiki.

Kusan duk binciken da ake yi kan H. pylori ya shafi wannan na ukun ne. Mai gazawar zuciya sanadin hawan jini, maganar ba ta tasa ba ce kai tsaye.

Ƙwayar da ke zaune cikin ruwa mai tsami

Cikakken sunanta Helicobacter pylori. Bakteriya ce mai siffar murɗaɗɗen zare, da ke zama a cikin majinar da ta lulluɓe bangon tumbi. Da can likitoci sun ɗauka babu wata halitta da za ta rayu cikin ruwan tumbi mai tsananin tsami, kuma suna danganta gyambon ciki da damuwa da yaji da yawan zama da yunwa. A 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka yi nasarar raino ƙwayar daga tumbin marasa lafiya. Ba a yarda da su ba, har sai da Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ita a 1984, tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Dabararta ita ce wani sinadari da take fitarwa, wanda ke farfasa yuriya ya samar da amoniya, ya kashe kaifin ruwan tumbi a kewayenta. Yawanci tun ana yara ake ɗaukarta, ta baki, ta hanyar yawu ko ruwa da abincin da ba-haya ya gurɓata. Cunkoso a ɗaki, ƙarancin ruwa mai tsabta da tauna wa jariri abinci duk suna cikin abubuwan da ake dangantawa da yaɗuwarta. In ba a yi magani ba tana iya zama da mutum har tsufa. Mafi yawan masu ita ba sa jin komai. Kaɗan ne ke samun gyambo, ƙasa da haka kuma ke samun dajin tumbi, abin da ya sa hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin masu haddasa daji a 1994.

Kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita. Wani babban nazari da ya tattara alƙaluman ƙasashe a 2017 ya ƙiyasta kusan kashi 88 cikin 100 a Najeriya, mafi yawa a jerin. A rumfar masu masa a kasuwar Wunti ta Bauchi ke nan, in mutum goma na zaune, abin mamaki shi ne a sami uku da ba su da ita.

Inda zargin ya samo asali

A 1994 wani likita a Landan, Michael Mendall, da abokan aikinsa suka gwada jinin maza masu toshewar jijiyoyin zuciya suka kwatanta da na maza lafiyayyu. Mutanen duka ba su kai 200 ba, amma sakamakon ya ja hankali: alamar ƙwayar ta fi yawa a cikin masu ciwon, haɗarin ya kai kimanin ninki biyu. Daga nan bincike ya ɓarke a ƙasashe daban-daban. Wasu suka sami irin wannan alaƙa, wasu ba su samu ba.

Masu ganin akwai hannun ƙwayar suna da hujjojin da ba a raina su. Babbar cikinsu ita ce kumburi. Ƙwayar da ta yi shekara 40 a tumbi tana sa garkuwar jiki cikin shirin yaƙi kullum, sinadaran yaƙin kuma ba sa tsayawa a tumbi, suna bin jini. An riga an san cewa toshewar jijiya ba taruwar kitse kaɗai ba ce, akwai kumburi a bangon jijiyar. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2017, a kan mutum kusan 10,000 da suka taɓa samun bugun zuciya, ya nuna cewa maganin da ke rage kumburi kawai, ba tare da ya taɓa kolestarol, wato kitsen jini, ba, ya rage sake aukuwar bugun. To in kumburi na da hannu, in ji su, me zai hana tushen kumburi na dindindin kamar H. pylori ya zama da hannu?

Hujja ta biyu ta bi ta abinci. Tumbin da ya daɗe a kumbure yakan kasa taimaka wa jiki ya tsotsi bitamin B12, ƙarancinsa kuma na sa wani sinadari mai suna homosistin ya hau a jini, shi kuma an daɗe ana danganta shi da lalacewar jijiyoyi. Ta uku ita ce kama-da-wane: makaman da jiki ya ƙera don yaƙar ƙwayar suna iya kuskure su far wa bangon jijiya, saboda wasu sassan sun yi kama. A nan an fi zargin wani jinsi na ƙwayar mai ɗauke da furotin da ake kira CagA, wanda ya fi sauran zafi a tumbi, kuma a bincike da dama shi ne ya fi nuna alaƙa da cutar jijiya.

Duk waɗannan hanyoyi ne da abin zai iya bi. Nuna cewa hanya na nan daban, nuna cewa an bi ta daban.

Abin da masu ja ke cewa

Ɗaya ɓangaren sun fara da tambaya mai sauƙi: su wa ke ɗaukar ƙwayar? Amsa ita ce waɗanda suka tashi cikin talauci da cunkoso. A Turai, inda aka yi binciken farko, waɗannan mutanen ne kuma suka fi shan taba, suka fi cin abinci marar inganci, suka fi jinkirin zuwa asibiti. Tsofaffi ma sun fi matasa ɗauke da ƙwayar, kuma su ne ciwon zuciya ya fi kamawa. Ana iya ganin ƙwayar da ciwon a jikin mutum ɗaya alhali wani abu na uku ne ya kawo su duka. Lokacin damina lema na yawaita a titi, zazzaɓin cizon sauro ma na yawaita, amma ba wanda zai ce lema ke kawo zazzaɓi.

A 1998 John Danesh da Richard Peto na Jami'ar Oxford suka tattara bincike 18 da suka ƙunshi mutum kusan 10,000, suna neman ko masu ƙwayar sun bambanta da marasa ita a hawan jini, kolestarol da alamomin kumburi a jini. Ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba. An kuma lura da wani tsari da ke maimaituwa: ƙananan bincike kan fito da alaƙa mai ƙarfi, manya da suka bi mutane shekaru suna la'akari da taba da shekaru da halin rayuwa kan fito da alaƙa mai rauni ko babu. Wani nazari a Amurka da aka wallafa a 2013, wanda ya bi mutum kusan 10,000, bai sami ƙarin mace-mace gaba ɗaya a tsakanin masu ƙwayar ba.

Sannan akwai darasin da likitocin zuciya suka koya da tsada. A shekarun 1990 an zargi wata ƙwayar huhu, Chlamydia pneumoniae, da irin wannan laifi, har an gano ta a cikin tarin da ke toshe jijiyoyi. Aka ba dubban masu ciwon zuciya maganin kashe ƙwayoyin cuta na tsawon watanni, a manyan gwaje-gwajen da aka wallafa tsakanin 2003 da 2005. Bugun zuciya bai ragu ba. A Denmak an ba masu toshewar jijiya wani maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna klaritromaisin na mako biyu kacal, sai aka ga mace-mace sun fi yawa a cikinsu a shekarun da suka biyo baya. A kan wannan ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2018 kan ba masu ciwon zuciya wannan magani. Klaritromaisin kuwa yana cikin haɗin da aka fi rubutawa don kashe H. pylori.

Matsayar da aka tsaya a kai ke nan: alaƙar na fitowa a alƙaluma, tana da rauni, kuma babu babban gwajin da ya nuna cewa kashe ƙwayar na hana bugun zuciya. Shi ya sa ƙa'idojin likitocin zuciya ba su sanya ta a layi ɗaya da hawan jini, ciwon suga, taba da kolestarol ba.

Abin da Arewa ke nunawa

A farkon shekarun 1990 wani likitan tiyata ɗan Birtaniya, Chris Holcombe, da ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya tarar da cewa mafi yawan mutanen da aka gwada a yankin na ɗauke da ƙwayar, da yawa tun suna ƙanana, amma dajin tumbi bai yi yawan da ake tsammani ba. A 1992 ya kira abin ɗaurin kan Afirka. An yi ta ja da shi daga baya, wasu na cewa rashin kayan gwaji ne ke ɓoye cutar, amma tambayar tasa ta dace da batun zuciya ma.

Shekaru da dama likitocin Arewa sun riƙa rubuta cewa bugun zuciya ba kasafai suke ganinsa ba, a daidai lokacin da kusan kowa ke da ƙwayar. Yanzu yana ƙaruwa a birane, tare da ƙiba da ciwon suga da zaman mota da ofis, ita kuwa ƙwayar ba sabuwa ba ce. Masu zargin ta za su amsa cewa a da mutane ba sa kai shekarun da ciwon ke bayyana, da yawa kuma sun mutu a gida ba a auna su ba. Amsar tana da nauyi. Duk da haka, abin da ke cika gadajen masu ciwon zuciya a Bauchi da Gombe da Azare sananne ne. Hawan jini ne kan gaba. Sai ciwon zuciyar masu jego, wanda ƙasar Hausa ta yi suna da shi tun binciken Zariya na shekarun 1970 da ya danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gado mai zafi, daga baya kuma bincike a Kano ya karkata ga talauci da rama da ƙarancin sinadarin seleniyam.

Akwai ma bakteriyar da babu jayayya a kan cewa tana lalata zuciya, kuma ba a ciki take ba, a maƙogwaro take. Yaron da ciwon maƙogwaro na ƙwayar streptococcus ya kama, ba a yi masa magani ba, garkuwar jikinsa na iya juyawa ta far wa ƙofofin zuciyarsa, ya kai shekara 20 yana haki. Fenisilin mai araha na hana wannan. Ba a cika turo saƙo a kanta a waya ba.

Inda ciki da zuciya ke haɗuwa da gaske

Ga mutumin Bauchi, mahaɗar da ta fi haɗari ba ta cikin muhawarar masana. Ta farko ita ce kuskuren gane ciwo. Bugun zuciya, musamman in ya shafi ƙasan zuciyar, yakan zo da zafi a ƙahon zuci, da tashin zuciya, da gyatsa, kamar dai olsa. Dattijo ya ce wa ɗansa, "Kai, je kemis ka karɓo min maganin olsa," ɗan ya ce, "To Baba," a sha farin ruwan magani a kwanta, sa'o'in da za a iya ceton tsokar zuciya su wuce. Masu ciwon suga da mata da tsofaffi sun fi samun irin wannan ɓad-da-kama. Kuma tunda kusan kowa gwajinsa zai nuna ƙwayar, takardar sakamako na iya ƙara rufe ido, a ce ai ga dalili an gani. Zafin da ya zo da gumi mai sanyi, ko sarƙewar numfashi, ko ya miƙa zuwa hannu ko muƙamuƙi ko baya, ko yake tashi in an yi tafiya ya lafa in an zauna, awon zuciya na na'ura da ake kira ECG yake buƙata a ranar.

Ta biyu ita ce asfirin. Mai toshewar jijiya akan ɗora shi kan ƙaramin asfirin kullum, sau da yawa tare da klofidogirel, don hana jini daskarewa. Magungunan nan na sa gyambo ya yi jini, H. pylori kuma na ƙara wannan haɗari. Jinin da ke tsiyaya a ciki na fitowa a ba-haya baƙi ƙirin mai wari, ko amai mai kama da garin kofi, ko kuma mutum ya yi fari fat yana jiri. Ƙarancin jini na ƙara wa raunanniyar zuciya aiki, kuma yakan tilasta a dakatar da maganin da ke kare ta. A Birtaniya an gwada sama da mutum 30,000 masu shekara 60 zuwa sama da ke shan asfirin, aka ba wasu daga cikin masu ƙwayar maganin kashe ta. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna zubar jini ya ragu a shekara biyu da rabi na farko, daga baya bambancin ya dushe. A Suwidin kuma, gwajin da aka wallafa a 2025 kan sama da mutum 18,000 da suka sami bugun zuciya bai nuna raguwa tabbatacciya ba daga auna kowa da kowa. Don haka likita ya fi mai da hankali ga wanda ya taɓa yin gyambo ko zubar jini kafin ya ɗora shi kan asfirin.

Ta uku ita ce abin da ake sha ba da sanin likita ba. Diklofenak da ibufurofen da Feldene, waɗanda leburori da 'yan acaɓa da manoma ke haɗiya don gajiya, suna cin bangon tumbi, suna ɗaga hawan jini, suna sa jiki ya riƙe ruwa. Abu ɗaya ke nan da ke cutar da ciki da zuciya a lokaci guda, kuma ba a ja a kansa. Kanwa da ake jiƙawa don ƙwannafi tana kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma cike take da sinadarin gishiri, wanda mai hawan jini ke gudu. Shi kansa omefrazol, maganin rage ruwan tumbi da masu olsa ke sha, yana rage ƙarfin klofidogirel, abin da hukumar Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2009, shi ya sa likita kan sauya shi da ɗan'uwansa fantofrazol. Klaritromaisin na iya rikita tsarin bugawar zuciya, kuma ba ya jituwa da wasu magungunan rage kolestarol irin su simbastatin.

Mai takarda a hannu

Gwajin jini, wanda ya fi araha kuma ya fi yawa a ɗakunan gwaji, sawun ƙwayar yake nunawa. Yana iya ci gaba da nuna ta bayan an kashe ta, don haka ba ya tabbatar da cewa tana nan yanzu, ba ya kuma tabbatar da an warke. Gwajin ba-haya da na numfashi su ke nuna mai rai, da sharaɗin an bar omefrazol da danginsa mako biyu, an bar maganin kashe ƙwayoyin cuta mako huɗu kafin a yi. Mai shekaru da ciwon ya fara masa sabo, ko mai rama ba dalili, ko wanda haɗiya ke yi wa wuya, ko mai zubar jini, shi akan tura a zura masa kyamara a duba tumbin.

Dalilan kashe ƙwayar da aka yi ittifaƙi a kansu na ciki ne: gyambo, ciwon ƙahon zuci da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, tarihin dajin tumbi a dangi na kusa, ƙarancin jini da aka rasa sanadinsa, da shirin shan asfirin na dogon lokaci ga mai tarihin gyambo. Maganin haɗi ne na mai rage ruwan tumbi da masu kashe ƙwaya biyu ko fiye, kwana 10 zuwa 14, sannan a sake gwaji bayan aƙalla mako huɗu. Sayen na kwana uku gwargwadon kuɗin aljihu, yadda aka saba a kemis, yana koya wa ƙwayar jure magani. Flagyl ya riga ya yi rauni a kanta a Najeriya saboda yawan shan sa ga kowane ciwon ciki, kuma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya H. pylori mai jure klaritromaisin cikin jerinta na wancan lokaci na ƙwayoyin da ake neman sabon magani dominsu. Unguwar da ruwan famfo daga dam ɗin Gubi ba ya isa, ana dogaro da rijiya da 'yan ga-ruwa, nan ma akwai yiwuwar a sake ɗauka bayan an warke.

Wanda ke shan maganin zuciya ko na hawan jini, in za a rubuta masa haɗin kashe ƙwayar, ya zo da kwalayen magungunansa duka a leda ya zube wa likita a kan tebur, har da na gargajiya da wanda ya saya a kemis, domin daga cikinsu ne za a san ko klaritromaisin zai shiga haɗin ko a nemi wani.